Koren Zare a Zauren Gidanmu

Ina amarya a unguwar Bolewa, zamanin Turawa, mijina ke gyaran rediyo a Potiskum. Bakano ne, a soja ya koyi aikin waya. Ni kuwa ƙananan littattafan kasuwa sun cika mini kai, har ina ganin duk abin da hannunsa ya taɓa ƙauna ce.

A zauren gidanmu yake aiki. Kan teburinsa akwai wani akwatin ƙarfe mai nauyi da ya saya a gwanjon kayan soja, da zagayayyen gilashi a gabansa kamar bakin ƙoƙo. Osiloskop yake kiransa. In ya tayar da ɗan injin da yake cajin batura da shi, sai wani koren zare ya fito ya kwanta a tsakiyar gilashin. Ya ce mini ba a ganin wutar lantarki da ido, akwatin ne ke zana hawanta da saukarta. Yakan ɗauki bakin waya ya riƙa taɓa cikin matacciyar rediyo wuri-wuri. Inda zaren ya yi rawa, sauti na wucewa. Inda ya kwanta shiru, nan cutar take.

Wata rana ya haɗa masa makirufo, ya ce, "Amarya, yi mini waƙa." Na rufe fuska na rera a hankali, zaren ya hau karkarwa yana bin muryata. Na ce a raina, wace mace ce a garin nan mijinta ya taɓa ganin muryarta?

Wannan wasan ya yi wa 'yar maƙwabciyarmu mai tallan ƙosai. Ta ƙwala, "A sayi ƙosai!" Zaren ya yi tsalle, mazauna zaure suka fashe da dariya. Wani tsoho kaɗai ya ce a'uzubillahi, ya ɗauki takalmansa.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da yarinyar. Tana sambatu tana cewa koren abu na kallonta.

Da hantsi mutanen unguwa suka zo. Ina leƙe ta bayan asabari na ga an shimfiɗe ta a tabarma a ƙofar gidanmu, uwarta ba ko mayafi, tana ihu da Hausarta mai nauyin Ngizim: "Bakano, sakar mini kurwar 'yata!" A al'ada, wanda aka kama da maita sai ya tsallaka marar lafiya a bainar jama'a kafin kurwa ta koma. In ya tsallaka, ya amsa shi maye ne, shi da 'ya'yan da ban haifa masa ba tukuna. In ya ƙi, ga samari can sun fara tsintar duwatsu.

Na tuna waƙata, na dafa ƙirji ina jin ko nawa ran yana nan. Na dubi ƙeyar mijina, na ɗan lokaci kamar ban san shi ba.

Bulama ya iso da sandarsa, aka buɗa masa hanya.

"Kai Bakano, kai ka kama muryar ko akwatin?"

"Ranka ya daɗe, ba ya kama komai. Nunawa kawai yake, da an yi shiru ta ɓace."

"Ban tambaye ka wannan ba. Wa ya nuna?"

"Akwatin."

"To, akwatin zai tsallaka."

Wani daga baya ya ce, "Baba, ai ba shi da ƙafa!"

"Yana da mariƙa. Ko kai za ka ara masa taka?"

Babu wanda ya yi dariya sosai. Mijina ya kinkimo akwatin zuwa bakin tabarma, amma sai an sami wanda zai karɓa a ɗaya gefen, don kada ƙafarsa ta ƙetare yarinyar. Ya dubi abokan hirarsa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sunkuyar da kai.

Ban san lokacin da na ja mayafi na fito ba. Ya ce, "Koma ciki, amarya." Na ce, "Miƙo, Malam." Ƙarfen ya yanki yatsuna, ina ganin ƙirjin yarinyar na hawa da sauka a ƙarƙashinmu. Da ya suɓuce, da mu biyu za a jefe. Ya sakar mini nauyin a hankali, na yi taga-taga na dire shi a gefena.

Samari suka zubar da duwatsu. Mijina ya roƙi bulama a kai ta asibiti, aka kai ta, ta warke. Unguwa ta ce tsallakawar ce, don haka aka jefa akwatin a wata tsohuwar rijiya aka bi shi da ƙasa.

Ba a taɓa kiran mijina maye ba. Ya ci gaba da gyara da kunne da lalube, aikin yini ɗaya ya koma na mako. Wani lokaci in ina waƙa a tsakar gida, sai in hango shi ya tsaya cak, yana kallon gurbin akwatin a kan teburin.