'Yar'azumi Mai Tsinke, Wadda Ta Sha Tafkin Bado Ita Kaɗai

"Wuri ko ɗaya ba na so," in ji 'Yar'azumi. "Ɗaure jakarka, mai kanwa."

Ina kwance a rumfar ƙofar gidanta a Tudun Goriba, gabas da Haɗejia ta wajen Guri. Ƙafata ta hagu ta kumbura kamar turmi, kurkunu ya leƙo a idon sawu, ayari ya wuce ya bar ni da jakaina a zango. Na ce, "To Iya, me kike so? Ni aikin kyauta tsoro yake ba ni."

Ta ce, "Kai mai yawo ne. Duk zangon da ka ga mai kurkunu, ka tambaye shi ruwan da ya sha. Ba na bana ba, na bara. Tafki ne, rijiya ce, ko kogi mai gudu. Ka dawo ka faɗa mini. In ka yi mini irin ƙaryarku ta 'yan kasuwa, zan gane."

"Har yaushe?"

"Har ka mutu, ko in mutu."

Na ce a raina na sami araha. Aka kira mutum biyu suka shaida. Yau shekara goma sha tara ke nan ina cika wannan alkawari, kuma ban taɓa yin cinikin da ya fi shi ba.

Ni ne Gambo mai kanwa. Karatuna bai yi nisa ba, fatauci ya raba ni da allo tun da wuri, saboda haka malamai su yi haƙuri da hannuna. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne 'Yar'azumi ta tsufa, idonta ya fara hazo, kuma ban taɓa jin maroƙi ya ambaci sunanta ba. Na fi son a gode mata tana ji.

Kullum da ta idar da sallar asuba sai ta jawo jiki zuwa rumfa, ƙafar dama miƙe kamar taɓarya. Zan zo ga labarin ƙafar. Kayan aikinta ƙwaryar ruwa ce, da man kaɗanya, da tsumma mai tsabta, da damin tsinke. Da damina kafin hantsi rumfar ta cika, wani an kawo shi a jaki, wani da rarrafe. Sai ta ɗiɗɗiga ruwan sanyi a bakin gyambon. Tsutsar takan tofar da wani farin abu kamar nono, ta saki jiki, a nan take naɗe ta a tsinke, gaɓar yatsa guda, ta ɗaure, ta ce a dawo gobe. Ba ta ƙara ko ƙwayar gero. In aka yi gaggawa ta tsinke a ciki, ƙafa ce za ta ruɓe, wani ya gurgunce, wani a kai shi makwanci. Tawa kwana ashirin da shida ta ɗauka, tsawonta ya kai kamu biyu. Na yi mata magiya ta fizge kawai, ta ce, "Ƙafarka ce ko ta jakinka? In ta jaki ce in fizge."

Masu cire kurkunu suna da yawa a ƙasar nan. Abin da ya raba ta da su, ita ba ta yar da tsinken. In ka shiga ɗakinta ka ɗaga kai, za ka ga dammuna rataye a rufi, kowanne ɗaure da kaba, busasshiyar tsutsa naɗe a kowane tsinke. Wannan na masu shan tafki kaza, wancan na masu rijiya kaza, wancan na masunta masu kamfata a tsakiyar kogi. Duk labarin da na kawo mata daga Auyo ko Guri ko hanyar Nguru, sai ta ƙara tsinke marar tsutsa a damin da ya dace. Na kogi mai gudu bai cika tafin hannu ba. Na rijiya ma haka. Na Tafkin Bado kuwa, tafkin da garin ke sha, sai an sa hannu biyu.

Duk ƙasar an yarda cewa abin da ya fito ta ƙafa, ta ƙafa ya shiga. Hamman wanzamin garin shi ne babban mai wannan magana. Mutane sukan sa takalman fata su ratsa laka, su durƙusa su sha ruwan da hannu, suna ganin sun tsira. Ita kuwa ita ke wankan gawar mata a garin, yatsunta sun san jikin ɗan Adam. Ta sha taɓa tsutsar a kwiɓi da matsematsi, kwance ƙarƙashin fata kamar zare. A jikin masu rai sai ta ɗiga shuni inda ta ji ta, bayan kwana bakwai ta sake ɗigawa. Ɗigon ƙasa yake yi, bai taɓa hawa sama ba. Ranar kasuwa takan tsuguna wajen mahauta tana kallon yadda jijiya ta bi ƙashi, suna yi mata ba'a wai tsohuwa ta zo kwaɗayi. Daga nan ta san inda ake latsawa da inda ba a taɓawa. Ta ce da ni, "Daga ciki take saukowa, mai kanwa. Abin da ke ciki kuwa ta baki ya shiga. Kuma shekara guda take yi a hanya."

Wannan shekara gudan ita ta ci garin. An taɓa haƙa rijiya a tudu da rani, ruwanta da ɗan ɗanɗanon kanwa amma garau. Damina ta faɗi ana shan rijiya, sai kurkunu ya sauko irin wanda ba a taɓa gani ba. Nan take aka ce rijiyar ce. Aka rufe ta da itace da ƙaya, aka koma Tafkin Bado mai ruwan daɗi. Ta yi magana, ba wanda ya saurara. Daminar da ta biyo, lokacin noman farko, gida ɗaya sai ka tarar da maza huɗu kwance. Ciyawa ta shanye gero mutane suna kallo daga ƙofar ɗaki. Da kaka rumbuna suka zama ɗakin ɓeraye. Aka ci bado, aka ci ƙwallon goriba, aka binne yara har masu haƙa suka gaji. Ni kaina na kawo gero garin a shekarar, kuma ban sayar da araha ba, Allah Ya yafe mini. Sai magana ta fara yawo cewa matar da ke tara tsutsa a ɗaki ba a banza take tarawa ba. Kun san inda irin wannan magana take kai mace marar miji.

Ina zauren Bulama Fannami, mai garin, ranar da ta zo. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta ajiye dami biyu, ƙato da ƙarami.

"Allah ya ja zamanin Bulama. Rijiya ba ta yi laifi ba. Abin da ya fito muku shekarar da kuka sha ta, tun a tafki kuka haɗiye shi."

Hamman ya ce, "Ji tsohuwa! Ruwan da na sha bara ai na fitsarar da shi bara."

"Askarka ma bara ka wasa ta, Sarkin Aska, har yau mutane na ɗingishi da ita."

Aka yi dariya, Bulama bai yi ba. Ya ce, "Me kike nema?"

"A buɗe rijiya. Damina biyu kada kowa ya sa ruwan tafki a baki. Ta farko za ku kwanta, ko me kuka sha, don yana jikinku tun yanzu. Ta biyu ku duba."

"In muka duba muka ga ba haka ba?"

"Ku ƙone tsinkayena, ku fitar da ni daga garin da zanen jikina. Kuma don kada a ce sa'a ce, ni kaɗai zan sha tafkin bana. In ya tsallake ku ya kama ni, kun ga hanyarsa."

Na ce, "Iya, wannan ba ciniki ba ne. In kin faɗi kin rasa gari, in kin ci kin ci da jikinki." Ta ce, "Kai aka tambaya?" Bulama ya sa liman ya shafa fatiha.

Daminar farko ta zo yadda ta faɗa, amma faɗa daban, gani daban. Mutane na kwance suna shan ruwa mai kanwa suna tsine mata. Mata suka daina amsa gaisuwarta, da safe kuma su kawo mata ƙafafun mazansu. Sai Mairam, 'yar Bulama, matar aure mai ciki wata bakwai, gyambonta ya ɓaci, haƙoranta suka datse, jikinta ya sandare, kwana huɗu ta cika. 'Yar'azumi ce ta wanke ta. Ana dawowa daga maƙabarta maza suka zarce rijiya da fartanya za su cike ta, Bulama na tsaye bai hana ba. Sai ga ta ta fito da ƙwarya, ta ratsa ta tsakiyarsu, ta gangara tafki inda masu kurkunu ke tsoma ƙafa don zafin ya lafa. Ta kamfata a nan, ta shanye suna kallo, ta sake kamfata. Bulama ya juya wajen mazan. Ya ce, "Ku ajiye. An shafa fatiha, saura shekara."

Damina ta biyu na bar kanwa a Haɗejia na zo don in gani da idona. Gari mai gida sittin, mutum tara ne suka kwanta. Takwas daga gida biyu ne, kuma da liman ya ritsa su suka amsa cewa matansu na ɗebo tafki a ɓoye don tuwo ya fi daɗi. Ta tara ita ce. Tsutsa biyar suka fito mata. Huɗu ta cire da hannunta, tana zaune a rumfa tana yi wa kanta gaɓa guda a rana kamar baƙuwa. Ta biyar ta fito a bayan gwiwa, inda idonta ba ya kaiwa. Hamman ne ya zo da kansa, ya tuɓe hula ya tsuguna. Kwana goma sha ɗaya yana naɗe tsutsar bisa umarninta. Rana ta goma sha biyu tsutsar ta tsinke a ciki. Wata uku tana tsakanin rai da mutuwa, ana jin warin ƙafar daga waje. Ta tashi, gwiwar ba ta sake lanƙwasuwa ba. Hamman ya yi kuka kamar mace. Ta ce masa, "Share hancinka. Da ni ce a matsayinka, da wataƙila tun kwana uku na tsinka ta." Ƙarya ce, duk mun sani.

Iya, ke ce kika ƙirga abin da kowa ke zubarwa. Ke ce kika tambayi gawa ta ba ki amsa. Gwanar jinkiri, mai gaɓa guda a rana! Ba ki taɓa cewa kin san abin da ba ki sani ba. Na tuna ranar da kika ɗaga ruwan tafki a farar ƙwarya cikin rana, kika nuna mini wasu 'yan ƙananan abubuwa suna tsalle, kika ce, "Ban sani ba ko su ne, ko ba su ba ne. Amma in an tace da zane ba sa wucewa, to a tace." Na zauna da malamai a Kano da Kukawa, kaɗan ne a cikinsu na ji sun ce ban sani ba.

Ku da wannan takarda za ta iske, a zaure ko a zango: in kuna da tsohuwa ko tsoho mai yawan tambaya, kada ku yi saurin kiransa maye. Ku haƙa rijiya, in ciwo ya zo a shekarar kada ku cike ta. Mai kurkunu kada ya tsoma ƙafa inda ake sha. In tafiya ta tilasta muku tafki, ku cire rawani ku tace. Wanda kuma zai iya riƙe tsinke ya je ya zauna kusa da ita tun tana gani. Hamman na can kullum da furfurarsa, tana yi masa faɗa.

Mun gode, Iya. Allah Ya saka miki da abin da mu ba mu iya ba.

Ni ɗan kasuwa ne, ba na tashi daga ciniki ban san wanda ya ci ba. Tudun Goriba ta ci: shekara goma sha ɗaya ana noman farko a tsaye, yaran da aka haifa tun lokacin ba su san kurkunu ba sai a ƙafar baƙo. Ni na ci, da ƙafata biyu nake bin jakaina. Bulama ya ci gari, ya rasa Mairam. Ƙauyukan da na kai wa labari suka yi mini dariya, har bana suna binne yara. Ita kuwa da ta fi kowa gaskiya, rijiyar nan tana nan taku ɗari uku daga ƙofarta, kuma tun ranar da aka yarda da maganarta ba ta taɓa iya takawa ta je bakinta ba.