Shekarar da Baffannina Suka Yi Gardama a Kaina

A gidanmu na Kwamba, idan an gama cin tuwo, Kaka ba ta bari a kashe murhu. Sai ta cusa doya cikin toka, mu da 'ya'yan 'yan haya mu zagaye ta.

A shekarar da mahaifina ya rasu, ni kaɗai ce cikin yaran ba na zuwa makaranta. Ba rashin hali ba ne, ƙannensa biyu ne suka kasa shiryawa a kaina. Baffa Ustaz ya ce boko na kashe zuciya, Islamiyya zalla zan yi. Baffa Lawal, mai bin motar ma'aikata zuwa Abuja da taye a wuya, ya ce ai Turawa ma sun yi littattafai kan tarbiyyar ruhi. Kullum suna kan benci, wannan ya jawo Larabci, wancan ya jawo Turanci, ni kuwa ina wanke-wanke, takaici kamar ya kashe ni.

Ran nan Kaka ta ɗaga murya yadda 'yan benci za su ji. "Ga ta nan tafe, mai kunne ya matso."

Wai wata tsohuwa ce da 'ya'ya biyu. Ɗaya ya yi karatu a gabas, ɗaya a yamma. Zazzaɓi ya kwantar da ita, ta ce su ba ta ruwa. Na yamma ya ce sai an tafasa, na gabas ya ce sai an yi tofi. Aka ce to a yi duka. Na yamma ya ce tofi bayan tafasa zuba cuta ne. Na gabas ya ce tafasa bayan tofi ƙona albarka ne. Suna nan riƙe da moɗa har uwar ta cika.

Baffannina suka tuntsire da dariya. "Ka ji ko, Yaya? Da kai ake," in ji Baffa Lawal.

"A'a, da kai dai."

Kaka ta ja tsakin da ban taɓa jin irinsa ba. Washegari ta yafa mayafinta. "Takwara, tashi. In muka jira masu ilimi, sai kin yi furfura." Ta kai ni firamaren gwamnati da ƙafarta, da la'asar ta miƙa ni Islamiyya.

Yau ni malama ce. A tarukan bita nakan ji masana suna ja-in-ja kan ilimin da ke raya zuciya, na Musulunci ne ko na Turawa. Gaskiya, raini nake ji, domin na san mutum na iya haddace duka biyun bai ga yaron da ke gabansa ba.

Ranar walimar kammala karatuna, kowane Baffa ya miƙe ya shaida wa jama'a cewa tarbiyyarsa ce. Babu mai yi musu tsaki, Kaka ta riga ta rasu.