Saƙon da Bai Kai ga Fada Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Katikis Yohanna, wanda ya riƙe 'yar majami'armu ta Katolika a Bodinga. Fada ɗaya ne ke zagaya mu daga cikin Sakkwato, saboda haka yawancin Lahadi Baba ne ke ja mana addu'a.

Baba mutum ne mai tsari. Yakan koya mana dokar ikilisiya bi da bi. Da farko abin da ke wuyan mai bi: ya zo Mas, wato sujadar da Fada ke ja, ya tallafi ikilisiya, ya saurari shugabanni. Sai abin da yake nasa: ya faɗa wa shugabanni bukatarsa, kuma kada a hana shi sakramenti, wato ibadu masu tsarki da Fada ke yi wa mai bi, idan ya nema yadda ya dace.

Kwamitin majami'a ya kafa ƙa'ida cewa ba mai kiran Fada sai ta bakin ciyaman, Mista Luka, wanda shi kaɗai ke da lambar wayar Fada. Da wata tsohuwa ta rasu a Shagari ba a kira Fada ya shafa mata mai na addu'ar majinyata ba, Baba ya tashi a taro ya ce ƙa'idar nan ba ta cikin doka. Mista Luka ya yi murmushi ya ce, "Katikis, an ji." Daga ranar Mista Luka bai sake gaishe da Baba ba.

Da ciwo ya kwantar da Baba, ya roƙi abu uku: ya furta zunubinsa, a shafa masa mai, ya karɓi Jikin Almasihu, wato gurasa mai tsarki. Na je wurin Mista Luka. Ya ce, "'Yata, koma gida, na riga na kira." Muka share ɗaki, muka kunna kyandir. Maƙwabcinmu Malam Umaru, manomin albasa, ya yini a bakin ƙofa yana tambaya, "Ɗiyata, har yanzu malamin naku bai zaka ba?" Duk ƙarar babur sai Baba ya ɗaga kai. Haka ya cika.

Ranar jana'iza Fada ya riƙe hannuna ya ce, "Me ya sa ba ku gaya mini yana jinya ba?"

Yau an rushe waccan ƙa'ida, har yara suna da lambar Fada. Na san Baba zai ji daɗin wannan. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai ji cewa Mista Luka, wanda har gobe shi ne ciyaman, ya aiko mini wai ranar Lahadi za a sa wa sabon ɗakin taro sunan Baba, in zo in yi godiya.

Baba bai bar mana gona ba, tsarin nan ya bari. Zan je Mas, domin wannan yana wuyana. Zan tashi idan an kira ni. Sannan, a gaban Fada da jama'a, zan tambayi Mista Luka lambar wa ya kira a ranar da ya ce mini ya riga ya kira.