Fim ɗin da Ya Ga Jarfar Mama

Shekarun baya, lokacin da kowa ya riga ya koma ɗaukar hoto da waya, ni ina nan na nace wa kyamarar fim kamar wanda aka yi wa asiri. Aikin ofis nake yi, hoton sha'awa ce kawai, amma sha'awar da ta kai na mayar da sitonmu na Durumi ɗakin wanke hoto, na kuma ƙwace wa matata wuri a firji ina ajiye fim kusa da tattasai. Baƙi da fari kaɗai nake ɗauka, kuma da fim iri ɗaya tak. Ina son shi ne don ya san fatarmu. Wani fim ɗin in ka ɗauki baƙin mutum sai ka ga ido da haƙora kawai, shi kuwa har ƙyallin goshi yake fitarwa.

Ranar da na je saye, mai shagon da ke kawo mini ya ce, "Oga, kamfanin sun daina yi fa. Ko a can waje babu." Na koma gida jiki a sanyaye kamar an yi mini rasuwa. Da na gaya wa matata sai ta ce, "Allah ya jiƙansa. Sai a ba ni wurina a firji."

Mai shagon ya haɗa ni da iri uku in gwada. Biyu ba laifi, ko da yake ba su kama ƙafar nawa ba. Na ukun kuwa abin dariya ne. Sai an ɗaura wa kyamara wani jan gilashi mai duhu sosai, wai yana ganin hasken da ido ba ya gani. Na gwada shi a Apo, a garejin abokina makanike da ke gyara mini mota. Ganyen mangwaro ya fito fari fat kamar auduga, sama ta yi baƙi ƙirin, shi kuma abokin nawa ya fito kamar wanda ya wuni a injin niƙa. Ya ce, "Malam, ina da raina ka mayar da ni fatalwa?" Naɗi ɗaya da ya rage na jefa shi ƙasan jaka da gilashinsa, na manta da shi.

Ana nan sai abokin nan nawa ya roƙe ni in je in ɗauki mahaifiyarsa. Gbagyi ne su, tsohuwar tana wani ƙauye gaba da Kuje, jiki ya fara rauni, kuma ba su da hotonta na kirki ko ɗaya. A hanya ya ja mini kunne. Ya ce, "Mama ta fara rikicewa. Za ta ce maka akwai zane a hannunta, wai mamanta ta yi mata. Babu komai a wurin, tun muna yara ba mu taɓa gani ba. Ka ce mata to kawai." Daga maganarsa na gane abin ya wuce batun zane. Tun da ta fara nacewa a kai, duk abin da ta faɗa sai a ce tsufa ne. An daina neman shawararta a gidan da ita ta riƙe shi.

Mun same ta tana ɓarar gyaɗa a gindin bishiya, kafaɗarta ɗaya ta ɗan karkace saboda ɗaukar kaya, irin na matansu da ba sa ɗora kaya a ka. Ta sa aka ɗauko mata zaninta na zuwa coci. Na yi ta ɗauka har fim ɗin nan biyu suka ƙare. Ina haɗa kayana sai ta miƙo hannuwanta biyu.

"Ɗana, ka ɗauki wannan ma. Mamana ya yi mini, da aska da baƙin tukunya, lokacin ina yarinya. Akwai ƙadangare, akwai mataji."

Na duba da kyau. Wallahi ban ga komai ba sai baƙar fatar da ta sha ranar gona ta yamutse. Abokina ya ƙyafta mini ido. Na ce, "Mama, ai fim ya ƙare." Ta dube ni ta ce, "Kai ma?"

Kunya ta kama ni. Na zazzage jaka na ciro fim ɗin fatalwan nan, na ɗaura jan gilashin, na kafa kyamara a kan ƙafafunta uku na ƙarfe. Na fito da Mama cikin rana na roƙe ta kada ta motsa. A raina dai na ɗauka faranta wa tsohuwa kawai nake yi.

Ran Asabar da hantsi na shiga sito na rufe ƙofa. Hotunan farko sun yi kyau daidai gwargwado. Na ukun sai da na yi kamar in bar shi, don ina ganin asarar magani ce. Na dai wanke, na buga ɗaya a takarda, na tsoma ta cikin tire ina jijjigawa. Hannuwan suka fara bayyana, fari-fari kamar yadda na zata. Sai na ga wasu layuka suna tasowa a kansu. Na ce shi ke nan, na karce fim. Amma karce ba ya yin ƙafa huɗu da wutsiya. Ƙadangare ne, ga shi kwance a damtsenta. Ga mataji a ƙasansa da haƙoransa reras. Ga ɗige-ɗige a jere tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, aiki mai tsabta na wadda ta san abin da take yi.

Na tsaya riƙe da tire ina ta maimaita Subhanallah, har na kusa barin takardar ta ƙone a magani. Da na fito da ita haske na kira matata, ta duba ta ce, "Ikon Allah. Ashe gaskiya baiwar Allahn nan take faɗa." Daga baya na bincika na fahimci dalilin: hasken da fim ɗin ke gani yana ratsa duhun fata, amma ba ya ratsa baƙin tukunya. Jarfar tana nan inda aka sa ta, fatar ce ta rufe ta. Sanin dalilin bai rage mini mamaki ba ko kaɗan.

Na sami abokina a ƙarƙashin wata mota. Ya fito ya goge hannu da tsumma ya karɓi hoton. Ya ƙura wa ƙadangaren ido. Ya rufe akwatin kayan aikinsa, muka kama hanyar Kuje.

Mama kaɗai ce ba ta yi mamaki ba. Ta ɗora hoton a cinya tana bin zanen da yatsa, tana faɗin sunan kowanne da yarensu. Ta tsaya a wani layi kusa da wuyan hannu ta yi dariya. "Nan na yi kuka, na ja hannu, aska ya goce. Mamana ya zage ni." Muka leƙa. Layin kuwa a karkace yake. Abokina ya durƙusa a gabanta ya kifa kai a gwiwarta yana magana da yarensu, ban ji me ya ce ba, ban kuma buƙaci fassara ba.

A hanyar dawowa ya gaya mini ƙauyensu na asali yanzu kwalta ce da gidajen bene. Ba wanda ya san inda kabarin kakarsa yake, ba ta bar hoto ba, ba ta bar ko tukunya ba. Abin da hannunta ya bari a duniya shi ne wannan zanen, kuma sun yi shekaru suna cewa babu shi.

Har yau nakan tuna abin. Da kamfanin nan bai daina yin fim ɗina ba, da na ɗauki Mama hoto mai kyau ƙwarai, kowa ya yaba, ta tafi kabari ana cewa ta rikice. Ni da nake taƙama da ido, abu yana gabana cikin rana tsaka na ce babu. Tun daga lokacin in tsoho ya ce ya san wani abu da ban gani ba, nakan ja bakina in yi shiru.

Mama ta ƙara 'yan shekaru kafin ta rasu, kuma abokina ya ce har ta koma ga Allah ba a sake yanke wata magana a gidan ba sai an ji ta bakinta. A 'yan shekarun nan hoton yana rataye a ɗakinta. In baƙo ya shigo takan nuna bango, sannan ta miƙa masa hannunta ta ce, "To, duba kuma. Ka gani yanzu?"