Mashin Ɗin Da Ba Ya Mutuwa Sai Na Hau

A lokacin da abin ya faru ni matar aure ce mai ɗan yaye, ina zaune a Jibiya cikin gidan surukaina. Asalina ƙauye ne a tsallaken iyaka, kan hanyar Maraɗi, can Innata take. Ban da surutu, ban iya musu ba, abin da manya suka faɗa shi ne gaskiya a wurina. Maigidana jarkokin fetur yake kaiwa tsallake da mashin. Ba ya ɗaukar fasinja, an yi masa waldar ƙarfe hagu da dama inda yake rataya kayan, don haka kujerar baya ba mai zama a kanta sai ni, in ta kama za mu unguwa.

Da mashin ɗin ya fara tsufa sai ya tsiro da wani hali. Muna cikin tafiya lafiya lau, da mun faɗa ɗan rami sai wuta ta ɗauke ɗif, inji ya mutu, hon ya yi shiru. In na sauka ya buga, sai ya tashi kamar bai taɓa ciwo ba. Ranar farko dariya muka yi, har ya ce tuwon gidansu ne ya karɓe ni. Ya kai wa bakanike, aka canza fulogi. Mashin ya sake yi, aka canza batir. Bakaniken ya hau shi kaɗai ya zaga gari ya dawo, ya rantse lafiyar mashin ƙalau. Shi ma maigidan kullum yana zuwa tsallake da kaya niƙi-niƙi, ko tari mashin bai taɓa yi masa ba.

Uwar mijina ce ta fara haɗa lissafin. Ta ce ita dama tun shigowata gidan take lura, akuyarta ta yi ɓari, rumbu ya yi gara, ga shi yanzu ƙarfe ma da ba shi da rai ya gane ni. Farar ƙafa gare ni, in ji ta, kuma a tsakar gida ta faɗa, ina durƙushe ina wanke mata kwanuka. Ƙannen mijina suka laƙaba mini suna Kashe-mashin. Kafin wani lokaci sunan ya fita ƙofar gida, ya kai majalisar 'yan kabu-kabu da ke bakin iyaka. In na wuce zuwa asibiti da yaro a baya, sai in ji wani ya ce wa ɗan'uwansa ya riƙe makullinsa da kyau. Abin da ya fi ci mini rai yau shi ne ni ma na yarda. Na sha rubutu har cikina ya gaji, na yi hayaƙi har zanina ya daina rabuwa da ƙauri. Nakan zauna in zuba wa tafin ƙafata ido ina jin tsanar kaina.

Ana haka wata safiya aka bugo waya cewa jikin Inna ya tsananta, tana ta kiran sunana. Na roƙi maigidan ya kai ni, ya ɗauke ni yana ɓata rai. Daidai shingen iyaka, inda manyan motoci ke layi, muka taka wani tudu, mashin ya mutu. Na sauka, ya tashi. Na hau, muka ɗan gusa, ya sake mutuwa. 'Yan kabu-kabu suka taso daga inuwa suna shewa, wani yana cewa a sake gwadawa su gani da idonsu. Maigidan ya ji kunya, kuma a kaina ya huce ta. Ya ce in sauka, tunda ƙafar tawa ce ta jawo sai ta kai ni. Na kama rigarsa ina kuka ina ce masa Inna ce fa, ya fizge, ya juya kan mashin ya koma gari.

Na bi masu mashin ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ina haɗa su da Allah. Wannan ya ce nasa sabo ne. Wancan ya ce da shi yake ciyar da iyali, ba zai yi ganganci ba. Wani ya ce in cire takalmi su ga ƙafar tukuna, aka kwashe da dariya. Haka na ratsa su da goyo a baya, na kama hanya a ƙasa, rana tana dukan mu. Sai can gaba wani dattijo mai amalanken shanu da bai san ni ba ya ɗauke mu. Ina isa bakin ƙauye na ga maza suna dawowa daga maƙabarta. Yayata ta ce har numfashinta na ƙarshe fuskar Inna na kallon ƙofa. Ban koma Jibiya ba, ana cikin zaman makoki saki ya biyo ni.

Yadda gaskiya ta fito, wata tsohuwar maƙwabciyata ce ta ba ni labari da muka haɗu a kasuwa. Wai tsohon mijin nawa ya ɗauki uwarsa za su gidan suna a Mazanya, mashin ya mutu da ita a hanya. Ta sauka, ya tashi. Ta hau, ya mutu. Ita ba wanda ya duba ƙafarta. Washegari da sassafe ya tura mashin wurin mai gyaran wayoyin wutar mashin, mutumin ya sa wani ya zauna a baya yana girgizawa, wuta ta ɗauke a gabansu. Da ya ɗaga kujera sai ga wata waya da ƙarfen kujerar ya goge wa roba. In an zauna a baya sai ta matse ta taɓa jikin mashin. Ya naɗe ta da salatef, ya kawar da ita gefe, ko shayin da ke hannunsa bai huce ba. Maƙwabciyar ta ce a gidan ba a ƙara ta da maganar ba. Har yau babu wanda ya tako ya ce mini in yi haƙuri, kuma a bakin iyaka har yanzu wasu da wancan sunan suka san ni.

Na rubuto ne don 'yan'uwana mata, da mazan da ke da saurin gaskata abin da aka faɗa a kan matansu. In abu ya lalace, a buɗe shi a duba, kuma a gwada shi a yadda yake lalacewar kafin a ɗora wa ɗan Adam. Ke kuma da aka laƙaba wa suna, kada ki taya su yarda kamar yadda na yi. Da na buɗe baki sau ɗaya na ce a ɗaga kujerar nan, da Inna ta gan ni kafin ta rufe ido.