Ciwon da Ke Zuwa Bayan La'asar

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Talatu, har yau ban daina mamakin ciwon da ya ɗauke ta ba. Da safe a gidanta na Fulatan za ta share tsakar gida, ta ɓare gyaɗa, ta samu sauran ƙarfin yi mini faɗa. La'asar na yi sai fatar idonta ta sauko, tuwo ya ƙi haɗiyuwa, muryarta ta koma ta hanci. Washegari kuma garau.

Mu kuwa da sassafe muka san zuwa asibiti, don a kama layi a dawo gona. Haka muka yi ta yawo da ita tsakanin Rogo da Karaye, kullum a lokacin da ta fi kowa lafiya. Ga ta da kara. Ma'aikacin lafiya zai ce, "Inna, yaya jiki?" Ta gyara mayafi ta ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." To me zai gani? A gwada zazzaɓin cizon sauro, a ba ta maganin ƙarin jini, mu hau babur mu dawo. Ban ga laifinsu ba. Wani yammaci numfashi ya sarƙe mata, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Bana 'yarta Rabi ta zo gaishe ni da yamma, na ga idonta na hagu ya sauko irin na uwar. Nan take na ɗauke ta bidiyo a waya, muka nufi asibiti a Kano.

Likitan ya kalli bidiyon, ya sa ta yi ta kallon sama har idon ya gaji, sannan ya ɗora mata ƙanƙara a kai. Ido ya buɗe! Ya ce yana zargin wani ciwo ne da ba a cika gani ba, tsoka ke gajiya in an yi aiki da ita, kuma akwai maganinsa. Da Yaya na nan, na san dariya za ta yi ta ce, "Ƙanƙarar zoɓo ce likitan?" Ni kuwa ƙwalla na yi.

Rabi ta gaji haƙurin uwarta kaf, ina alfahari da shi, ina kuma tsoronsa. Da muka koma, likita ya ce, "Malama, yaya jiki?" Na ga ta kai hannu za ta gyara mayafi. Na riga ta.

"Likita, da yamma babu sauƙi."