Kurciyar da Ba Ta Riƙe Kowa Ba

Wayar kuran, wato lantarki, ta bi ta saman lungunmu a Birni tun ina yaro, amma ba ta shiga gidanmu ba. Mu wutar kara muka sani. Bayan isha'i kakarmu Iya Gambo takan tura kara a murhu, ni da ƙanena Habu mu raɓe ta muna jin ɗumi.

Wata rana Habu ya tambaye ta me ya sa kurciya ke zama kan waya ba ta mutuwa.

"Kai mijin banza, ko goro ba ka saya mini, sai tambaya," in ji ta. "To matso, ga ta nan tafe."

Ta ce Wuta 'yar Ƙasa ce. Mutane suka sace ta suka ɗaure a waya, kullum tana neman hanyar gida. Ta roƙi kurciya ta miƙa ƙafa ɗaya ta taɓa bango. Kurciya ta ce ita ƙafafunta biyu wuri ɗaya suke, ba ruwanta da kowa. Biri kuwa ya ji tausayi. Ya kama waya, wutsiyarsa na kan reshe. Wuta ta bi ta cikinsa ta tafi wurin uwarta, ko sannu babu. Matar biri ta ruga ta riƙe mijinta, ita ma ta bi shi.

"Iya, to wane ne mai kirki?" in ji Habu.

"Wa ya yi maganar kirki? Tambayata ita ce wa ya kwana da rai."

Muka yi dariya, ta kore mu kwanciya.

Da ya girma, Habu ya zama magini. Yana saman gini ya ɗaga ƙarfe, ƙarfen ya taɓa waya. Abokin aikinsa, mutumin Gidimuni mai 'ya'ya ƙanana, ya cafke shi don ya janye shi. Tare aka yi musu sallah. Waɗanda suka tsaya nesa suna salati su suka ɗauki makara.

Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, amma wani mai gyaran kuran ya ce mini Iya ba ta yi ƙarya ba, sai wutar ta samu hanyar ƙasa take kisa. Ya ce da busasshen itace ake ture mutum. In ɗan'uwanka na karkarwa a gabanka, wa ke tuna itace?

Yanzu ni ma ginin nake yi, da babban ɗana Laminu, don ba wani aikin. Ranar da ya fara hawa tare da ni na ce masa, "In ka ga wuta ta kama ni, kada ka taɓa ni."

Ya ce, "Haba Baba."

Na sa shi ya rantse. Ya rantse, kansa a sunkuye. Har yau ban san wanne nake roƙon Allah ba, ya cika rantsuwar ko ya karya ta.